Rumbun bayanai a Balan: Akwatin da kamfani ya yasar bai mutu ba

Duk wanda ya bi hanyar Wudil zuwa Gaya da kaka, ya ratse ya nufi Balan, zai ga yadda mutanen yankin suka ɗauki ajiya da muhimmanci. Gero da dawa suna shiga rumbu, wake da gyaɗa suna shiga buhu, kuma maigida ya san inda kowane dami yake. Ba a taɓa jin manomin da ya kai hatsinsa ajiya garin da bai san hanyarsa ba.

Sai dai akwai wata dukiya da mutanen Balan, da na Ajingi, da na cikin Gaya suke tarawa a 'yan shekarun nan wadda ba ta da rumbu. Hotunan auren 'ya, takardar cinikin gona da aka ɗauka da waya, tafsirin azumi na malamin gari da wani ya naɗa shekara da shekaru, sakamakon jarrabawar ɗalibai, littafin bashin mai shago. Yawancinsu suna cikin memorin da bai kai farcen babban yatsa ba, ko suna kwance a WhatsApp da Facebook, a kwamfutocin da ke wata nahiya. Ranar da waya ta faɗa rijiya, ko aka zare ta a cunkoson kasuwa, ko memori ya nemi a goge shi kafin ya buɗe, sai a yi salati a haƙura.

Alhali akwai na'urar da aka ƙera domin wannan aikin. Ɗan akwati ne, wani bai fi girman littafi ba, wani kamar burodi. Ana saka masa faifan ajiya ɗaya ko biyu, a jona shi da rauta, sai duk waya ko kwamfutar da ke kan Wi-Fi ɗin wurin ta iya ajiyewa da ɗauka. Sunansa a taƙaice NAS. Ba ya buƙatar data, domin zirga-zirgar duk a cikin gida take. Sababbinsa suna da tsada, amma tsofaffinsa suna shigowa cikin kayan gwanjo daga Turai da Amurka, kuma mai haƙurin bincike a shagunan kwamfuta na titin Beirut a Kano yana iya cin karo da ɗaya a ƙasan kanta, ƙura ta rufe shi, mai shagon ma bai damu da shi ba. Dalilin arharsa ɗaya ne: kamfanin da ya yi shi ya sallama shi.

Abin da ya tsufa a cikinsa

Kowace irin wannan na'ura ƙaramar kwamfuta ce. Tana da ƙwaƙwalwa, tana kuma da manhajar ciki da kamfani ya dasa mata, wadda ke tashi da zarar an kunna, ta san yadda za ta karanta faifai, ta karɓi kalmar sirri, ta yi magana da wayoyi. Ƙarfe da allon lantarkin suna iya shekara 15 lafiya lau. Manhajar ce ke tsufa. Kullum ana gano ɓaraka a cikin manhajoji, kamfani ya toshe ta hanyar sabuntawa. Ranar da kamfani ya ce ya daina, ɓarakar da za a gano gobe za ta zauna a buɗe har abada.

An ga illar hakan ƙarara a ƙarshen watan Yunin 2021. Masu akwatin My Book Live na kamfanin Western Digital a ƙasashe daban-daban suka wayi gari suka tarar an share duk abin da ke ciki. Wasu ɓata-gari ne suka shiga ta intanet suka ba na'urorin umarnin komawa yadda suka fito daga masana'anta. Rabon wannan samfurin da sabuntawa tun 2015, kuma ɗaya daga cikin ɓarakokin da aka bi an san da ita tun 2018. Shawarar farko da kamfanin ya bayar ita ce kowa ya cire na'urarsa daga intanet.

A watan Janairun 2022 kuma sai ga wata manhajar garkuwa mai suna DeadBolt ta afka wa akwatunan QNAP. Ta kulle fayilolin mutane, ta nemi kuɗin fansa 0.03 na bitkoyin a kan kowace na'ura, wanda a lokacin ya haura dala 1,000. Mu da muka san raɗaɗin kalmar kuɗin fansa a Arewa ba ma buƙatar dogon bayani. Sannan a watan Afrilun 2024 aka bayyana cewa wasu akwatunan D-Link, ciki har da DNS-320L da DNS-325 da DNS-327L da DNS-340L, suna ɗauke da wata ɓoyayyar ƙofa marar kalmar sirri, kuma sama da 92,000 daga cikinsu suna a buɗe a intanet. Kamfanin ya ce wa'adin waɗannan samfura ya ƙare, ba zai gyara ba, a yi musu ritaya a sayi sababbi.

Wannan shawara tana da sauƙin bi a Jamus. A Balan, inda mutum zai sayar da buhunan hatsi kafin ya haɗa kuɗin sabuwar na'ura, shawara ce ta a haƙura gaba ɗaya. Kuma irin waɗannan samfuran da aka yi wa ritaya su ne dai ake loda wa a kwantena a kawo mana.

Akwai ma matsalar da ta fi wannan saurin bayyana. Da yawa daga tsofaffin akwatunan ba su iya musayar fayil sai da tsohon tsarin SMB1, wanda cutar WannaCry ta bi ta kansa ta addabi duniya a watan Mayun 2017. Tun daga wannan shekarar Microsoft ya fara cire shi daga sababbin Windows. Sai mutum ya sayi akwati, ya jona, fitila ta kama, faifai yana juyawa, amma kwamfutarsa ta ƙi ganinsa. Ya ɗauka ya sayi mushe. Lafiyarsa ƙalau, yare ne ya bambanta.

Wa ya ba mu izinin taɓawa?

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne kusan duk waɗannan akwatuna da Linux suke aiki, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan. Linux na ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya assasa. Sharaɗinsa a fili yake: kowa ya ɗauka kyauta, ya gyara, ya sayar ma in ya so, amma wanda ya raba wa jama'a dole ya bayar da asalin rubutun manhajar. Kamfanoni sun ɗauki kyautar da hannu biyu, wasu suka yi biris da sharaɗin.

A 2003 aka matsa wa Linksys har ya saki rubutun manhajar rautarsa WRT54G, daga nan aikin OpenWrt, manhajar Linux ta masu sa-kai da ke maye gurbin ta kamfani, ya samo asali a 2004. A watan Satumban 2006 wata kotu a birnin Frankfurt ta yanke hukunci a ƙarar da Harald Welte, ɗaya daga masu rubuta Linux, ya shigar da reshen D-Link na Jamus. A kan akwatin ajiya ne ma aka yi shari'ar, samfurin DSM-G600, kuma kotu ta tabbatar cewa sharuɗɗan GPL suna da ƙarfin doka. Saboda irin wannan jajircewa ne yau yaro a Gaya zai iya sauke manhajar da ta dace da na'urarsa ba tare da ya saci komai ba.

Na'urar da ta fi shahara a wannan tarihi ita ce NSLU2 ta Linksys, wadda ta fito a 2004. 'Yar mitsitsiya ce: ƙwaƙwalwar aiki megabait 32, ma'ajiyar manhaja megabait 8, kafofin USB biyu. Kamfanin ya yi ta ne don raba faifai kawai. Masu sha'awa daga ƙasashe da dama, ƙarƙashin jagorancin wani ɗan Ostareliya, Rod Whitby, suka haɗu suka fitar da Unslung, wadda ta bar fuskar manhajar kamfanin ta ƙara mata ɗaruruwan manhajoji, sannan SlugOS da ta maye gurbinta ɗungurungum. Martin Michlmayr, wanda ya taɓa shugabantar aikin Debian, wani nau'in Linux, ya tsaya har Debian ta hau kanta. Mutane suka mai da ita mai raba waƙoƙi, mai karɓar wasiƙu, mai gadin kyamara.

Abin da ya fi burge ni a labarinta ƙarami ne. Injinta na Intel an yi shi ya yi gudun megahaz 266, amma samfuran farko an daƙile su a 133. Masu binciken suka gano cewa ɗan ƙanƙanin rizista ɗaya ne a kan allo yake riƙe da shi. A cire shi, gudu ya ninka. Duk mai gyaran wayar da ke zaune da ƙarfen dalma a kasuwar Farm Centre zai yi wannan aikin kafin shayinsa ya huce. An daina ƙera NSLU2 a 2008, kuma ba zan ba kowa shawarar ya saye ta yau ba, domin ta yi ƙanƙanta ga manhajojin zamani. Hanyar da ta buɗe ce ta rage.

Filashin ne, ba wani abu ba

Masu gyaran waya a Gaya da Wudil sun daɗe da sanin wannan sana'a da wani suna. In waya ta tsaya a tambarin kamfani ta ƙi wucewa, sai a ce a yi mata filashin: a jona ta da kwamfuta, a goge manhajarta, a zuba wata. Abin da ake yi wa akwatin ajiya ke nan, sai dai manhajar da za a zuba ba ta kamfanin ba ce.

Aikin yana farawa tun kafin a biya kuɗi. A juya akwatin a karanta takardar da ke manne a ƙasansa, lambar samfuri da kuma harafin zubi. DNS-320 zubin A da zubin B suna ɗaya suke amsawa, amma cikinsu ya bambanta, kuma manhajar wannan tana iya kashe wancan. Da wannan lamba za a duba jerin na'urorin da OpenWrt ke tallafa wa, ko na Debian, ko na Alt-F wadda aka yi musamman don akwatunan D-Link irin su DNS-323 da DNS-320 da DNS-325. In lambar ba ta cikin kowane jeri, a mayar wa mai shago kayansa komai arharsa. A kuma duba ranar da aka yi wa sabuwar manhajar sabuntawar ƙarshe, don aikin sa-kai ma yana tsufa in masu shi suka watse. A wannan fannin OpenWrt ta fi kwantar da hankali, domin har yau ana kula da ita.

Hanyar zubawa ta danganta da na'ura. Alt-F ana iya loda ta ta shafin sabuntawa na manhajar kamfanin kanta, kamar dai sabuntawa ce ta yau da kullum. NSLU2 kuwa sai an danne maɓallin baya an kunna, a jira kimanin daƙiƙa 10 har fitila ta koma ja, a saki, sannan a turo manhajar daga kwamfuta da wani ɗan shiri mai suna upslug2. My Book Live, wanda aka yi wa waccan ta'asa a 2021, ya fi kowa sauƙin kai: manhajarsa a kan faifan ajiyar take zaune, don haka sai a buɗe akwatin, a ciro faifan, a jona shi da kwamfuta, a rubuta masa OpenWrt, a mayar. In an yi kuskure a sake ciro shi a sake rubutawa. Amma wannan rubutun yana share duk abin da ke kan faifan, saboda haka kwashe kaya ya zo a farko.

Waɗanda suka fi buƙatar natsuwa su ne masu injin Kirkwood na Marvell, irin su Zyxel NSA310 da NSA325 da Pogoplug. A nan sau da yawa sai an taɓa manhajar tayarwa, wadda ake kira U-Boot, wato ita ce farkon abin da ke farkawa ya taso sauran. In ta lalace, akwatin ya zama abin da masu sana'ar a Turai ke kira tubali, ba ya motsi ba ya magana. Maganin shi ne wata 'yar waya mai arha, bakinta ɗaya USB, ɗayan kuma siraran wayoyi da ake jonawa da filoli uku a kan allo: mai aikawa, mai karɓa, da na ƙasa. Dole ta kasance mai bolt 3.3, kuma ba a jona fil ɗin wuta. Da ita mutum zai ga duk abin da na'urar ke faɗa tun daga daƙiƙar farko, ya tsayar da ita, ya ba ta umarni. Kafin a goge komai a kwafi tsohuwar manhajar a ajiye, a kuma rubuta lambar MAC ta na'urar a takarda. Sannan a gwada fayil ɗin da aka sauko da shi da lambar tantancewar da ke shafinsa. Inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, fayil yana iya yankewa a tsakiya ya nuna kamar ya kammala.

Sai babban abin tsoro a wajenmu, wuta. Mintunan da ake rubuta manhaja su ne lokacin da na'ura ba ta da tsohuwa ba ta da sabuwa. In aka ɗauke wuta a nan, an gama. Kada wanda ya yi filashin da wutar NEPA ko da janaretan da mansa ya yi ƙasa. A yi shi a kan inbata da cikakken batir, da rana tsaka lokacin da sola ke da ƙarfi, kuma a jona da wayar intanet maimakon Wi-Fi.

Zama a ƙasar zafi da ƙura

An ƙera waɗannan akwatuna ne don ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta gilmawa. A gabashin Kano, a Afrilu zafi yana kai digiri 40, da hunturu kuma ƙura tana shiga ko'ina. A ɗora akwatin a sama inda iska ke ratsawa, nesa da kwanon rufi, a riƙa busa fankarsa. Yawancinsu da bolt 12 suke aiki, abin da zai sa mutum ya yi sha'awar jona shi kai tsaye da batirin sola. Kada a yi haka sai da mai daidaita wuta a tsakani, domin batir yana haura bolt 14 lokacin caji, babban faifai kuma ba ya jure wannan. Ƙaramin faifan laftof ko SSD sun fi ƙarancin shan wuta da zafi.

A nan ne sabuwar manhaja ke biyan wahalarta. Za ka iya sa faifai ya yi barci in ba mai amfani da shi. Za ka tsara shi da tsarin ajiyar fayil na ext4, wanda ke farfaɗowa da sauƙi bayan ɗaukewar wuta, kuma kowace kwamfuta mai Linux za ta karanta shi ko da akwatin ya ƙone. Za ka sami sabon tsarin musayar fayil da Windows da Android na yau suka yarda da shi. Mafi muhimmanci, za ka rufe duk ƙofar da ke kallon intanet. A gaskiya akwatin da ke Balan ba shi da wata hujjar fita waje, masu buƙatarsa duk suna cikin zangon Wi-Fi ɗinsa.

Wani kuskure da ya kamata a kauce masa: akwati mai faifai biyu da ke kwafin juna yana kare ka ne daga mutuwar faifai ɗaya kawai. Tsawa, gobara, ɓarawo, ko yaron da ya goge fayil bisa kuskure, duk biyun za su shafa. Abin da ba a son rasawa a kwafe shi a wani faifai dabam, a kai gidan ɗan'uwa, a riƙa sabunta shi ko da wata-wata ne.

Me za a zuba a ciki?

Tunanin ajiye ilimi a faifai don inda intanet ke wahala yana da tushe a Najeriya. Wani Ba'amurke daga Jami'ar Iowa, Cliff Missen, ya yi koyarwa a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, ya ga yadda buɗe shafi ɗaya ke cinye lokaci. Daga nan aka fito da eGranary, faifai cike da littattafai da shafukan ilimi da ake dasawa a makarantu, kuma ma'anar sunan kanta rumbu ne. Akwai kuma Kiwix, wadda ke ba da damar sauke Wikipedia gaba ɗaya, har da ta Hausa, a karanta ba tare da data ba. A 2012 shirin Afripedia ya yi amfani da ita a kan 'yan ƙananan kwamfutoci irin waɗannan a jami'o'in ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci.

Buƙatar ba ta ragu ba. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. A watan Satumban 2021 an rufe sabis a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato na tsawon makonni. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka tsaya. Makarantar sakandaren da ke da akwati ɗaya, malami ɗaya ya sauko da bidiyon darasi da tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC sau ɗaya, ɗalibai 200 su kwafa ba tare da an sake kashe naira ba. Islamiyya ta ajiye karatun alarammominta. Mai ɗaukar hoton biki ya daina goge aikin bara don ya sami wurin na bana.

Masu turi, waɗanda ke zuba wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya, su ne za su fara ganin amfanin wannan, tunda mutum biyar za su iya kwafa a lokaci guda maimakon layi a kan laftof ɗaya. A nan dole in faɗi abin da ke raina. Fim ɗin Kannywood gumin wasu ne, kuma satar fasaha ta riga ta durƙusar da kasuwar faifan bidiyo a Kano. Na'urar da 'yancinta ya fito daga mutunta sharaɗin masu rubuta manhaja bai dace ta zama hanyar take haƙƙin masu shirya fim ba. Haka nan wanda zai ajiye bayanan ɗalibai ko na marasa lafiya ya sani amana ce, kuma tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. A ware wa kowa babinsa da kalmar sirrinsa.

Ba kowa ne wannan aikin ya dace da shi ba. Wanda ke da tsohuwar laftof mai fasasshen gilashi a gida ya fi masa sauƙi ya zuba mata manhajar OpenMediaVault, ya sami akwatin ajiya mai batirinsa a jiki, wanda ya fi ƙarfi kuma ya fi wuyar lalacewa wajen filashin. Amma laftof ta fi cin wuta, kuma akwatunan gwanjon suna nan suna shigowa ko mun so ko mun ƙi. Ko dai su ƙare a hannun 'yan jari-bola a fasa su don jan ƙarfe, ko a jona su da tsohuwar manhajarsu mai ɓaraka, ko a sami mai gyara su.

Tarihin da aka gada ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya yana neman tama har ya sauka a gindin Dala, kuma har yau ana kiran zuriyar waɗannan maƙera Abagayawa. Sana'ar narka tsohon ƙarfe a fitar da sabuwar fartanya ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana Wudil, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Gaya, kuma kowace shekara ɗalibanta na sashen kwamfuta suna neman abin da za su yi aikin kammalawa a kai. Kirana gare su da malamansu shi ne su sayi akwati biyu ko uku na gwanjo, su zuba musu OpenWrt, su rubuta matakan da Hausa tare da hotuna, su zauna da masu gyaran waya na Gaya da Ajingi su koya musu, sannan su dasa na farko a wata makaranta a Balan, su dawo bayan damina su duba yadda ya yi.